Jami'in Sa Ido: Sana'ar Riƙon Mai Laifi a Wajen Kurkuku

A kotunan Ingila da Wales, sau da yawa idan mutum ya amsa laifinsa ko an same shi da laifi, alƙali ba ya yanke hukunci nan take. Sai ya ce a dakata, yana son rahoto. Wani lokaci dakatawar ta 'yan sa'o'i ce, wani lokaci ta makonni. Wanda zai kawo rahoton ma'aikaci ne na hukumar sa ido a kan masu laifi. Zai keɓe da mutumin a wani ɗan ɗaki ya yi masa tambayoyi, ya karanta takardun masu gabatar da ƙara, ya tambayi 'yan sanda ko an taɓa kiran su gidansa saboda dukan mace, ya tambayi ofishin kula da yara ko sun san iyalin. Daga nan ya dawo ya gaya wa kotu abu uku: me ya kai wannan mutum ga abin da ya aikata, wa zai iya cutarwa nan gaba, kuma wane hukunci ne ya fi kusa da hana shi komawa.

Rahoton farkon aiki ne kawai. Idan alƙali ya yanke hukuncin da za a yi a cikin gari, kamar aikin al'umma na sa'o'i 40 zuwa 300 ba tare da biya ba, ko zaman gida da dare da na'ura a ɗaure a ƙafa, ko zuwa wurin maganin barin giya da ƙwaya, hukumar ce za ta bi ta tabbatar an yi. Idan kuma ɗauri aka yanke, jami'inta ne zai shirya ranar fitowa, ya duba gidan da mutumin zai koma, ya tsara sharuɗɗan ɗaurin talalar da za a sake shi a kai, kuma shi ne zai nemi a mayar da shi kurkuku in ya saɓa. Mutanen da ke hannun wannan hukuma a Ingila da Wales sun kai kimanin 240,000, wato sun kusa ninka waɗanda ke cikin gidajen yari sau uku. Amma gandiroba da ɗan sanda kowa ya san kayansu, shi kuwa jami'in sa ido ko yunifom ba ya sawa.

Abin da ya sa nake jinjina wa masu wannan sana'a shi ne irin matsayin da suke tsayawa a kai. Likita yana rufa wa majiyyaci asiri, shi ya sa ake faɗa masa gaskiya. Ɗan sanda bai damu a so shi ba, nasa kamu ne. Jami'in sa ido dole ya haɗa biyun. Tun ranar farko zai gaya wa mutumin da aka ba shi cewa duk abin da ya ji wanda ya shafi lafiyar wani, ba zai riƙe ba, zai kai gaba. Zai gaya masa cewa in ya ƙi zuwa ba uzuri za a yi masa gargaɗi, in ya sake kuma sai kotu. Bayan ya faɗi duk wannan, sai ya nemi mutumin ya amince da shi har ya iya cewa, “Jiya na sake sha,” ko “Na ga tsohuwar matata a kasuwa, raina ya ɓaci.” Kuma gwanayensu suna samun wannan amincewar. Ba a haifi kowa da iya wannan ba, koyonsa ake yi, kuma Ingila ta shafe fiye da shekara ɗari tana jayayya da kanta a kan yadda ya kamata a koyar da shi.

Waɗanda suka fara aikin ba su da takardar komai. A birnin Boston na Amurka, a shekarar 1841, wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi kotu ta ba shi belin wani mashayi da za a ɗaure. Ya tafi da shi, ya dawo da shi bayan mako uku cikin hayyacinsa, alƙali ya ci shi tarar santi ɗaya da kuɗin kotu. Kafin Augustus ya rasu a 1859 ya tsaya wa kusan mutum 2,000. Abin lura a aikinsa shi ne ba kowa yake karɓa ba. Yakan duba shekarun mutum, da halinsa na baya, da mutanen da zai koma cikinsu, kuma yana rubuta komai. Wato tun a hannun mai ɗinkin takalma, tausayi da tantancewa tare suka taso. A 1878 jihar Massachusetts ta yi dokar da ta ba da damar ɗaukar jami'in sa ido mai albashi.

A Ingila ta ƙofar coci abin ya shigo. A 1876 wani ma'aikacin ɗab'i, Frederic Rainer, ya aika sule biyar ga ƙungiyar yaƙi da shan giya ta Cocin Ingila, yana kukan cewa duk wanda ƙafarsa ta zame sau ɗaya, daga laifi sai laifi, daga ɗauri sai ɗauri, ba mai tare shi. Ƙungiyar ta fara tura 'yan mishan kotunan Landan, majistarori kuma suka riƙa damƙa musu mashaya da ƙananan ɓarayi. Dokar 1907 ce ta mayar da abin aikin hukuma, ta kuma ɗora wa jami'in nauyi uku: ya ba mai laifi shawara, ya taimake shi, ya zame masa aboki. A wancan zamani abin da ake nema ga ma'aikaci shi ne riƙon addini da kyan hali. Sai a shekarun 1930 Ma'aikatar Cikin Gida ta fara shirya horo na musamman, daga nan a hankali wa'azi ya ja baya, ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa suka shigo. Daga farkon shekarun 1970, hanyar shiga aikin ta zama takardar shaidar aikin jin daɗin jama'a, irin wadda masu kula da marayu da tsofaffi suke yi. A idon wancan zamani, mai laifi mabuƙaci ne da rayuwa ta yi wa ƙunci.

Sai iska ta juya. Michael Howard, Sakataren Cikin Gida a gwamnatin masu ra'ayin riƙau, ya tsaya a taron jam'iyyarsa a 1993 ya ce kurkuku yana aiki. A ganinsa horon jin daɗin jama'a ya sa jami'ai sun yi laushi, suna kallon mai laifi kamar shi aka zalunta. A tsakiyar shekarun 1990 ya soke sharaɗin wannan takarda, yana son a buɗe ƙofa ga irin su tsofaffin sojoji. An yi 'yan shekaru babu wata tsayayyar hanyar horo. Da jam'iyyar Leba ta hau mulki a 1997, Jack Straw bai mayar da tsohon tsari ba, amma bai yarda a bar aikin ba karatun jami'a ba. A 1998 aka fara sabuwar difloma ta nazarin aikin sa ido, shekara biyu, wadda ta haɗa digiri da takardar ƙwarewa ta wurin aiki, ɗalibi kuma ma'aikaci ne mai albashi tun ranar da ya fara. An gyara tsarin a 2010, aka sake gyara shi a 2016. Na yanzu shi ake kira PQiP.

Ni a wurina kowane ɓangare a wannan jayayya yana da rabin gaskiya. Mutanen Howard ba su yi ƙarya ba cewa akwai masu laifin da tausayi kaɗai ba ya tare su, kuma wanda aka daka ko aka yi wa fyaɗe yana da haƙƙi a kan jami'in. Tsofaffin jami'ai su ma ba su yi ƙarya ba cewa mutumin da ba ka san gidansu ba, ba ka san abin da ke hana shi barci ba, ba za ka iya canza shi da barazana ba. Horon yau ƙoƙari ne na ɗora duka biyun a kan mutum ɗaya cikin ƙasa da shekara biyu ko ɗan fiye.

Ga yadda ake shiga. Mai nema ba ya fara zuwa jami'a, hukumar yake nema kai tsaye kamar mai neman aiki. Ana duba takardunsa, amma ana kuma duba ko ya taɓa aiki da mutane masu wuyar sha'ani, ko da aikin sa kai ne: a gidan kwanan marasa galihu, a cibiyar masu barin ƙwaya, a gidan yari, a makarantar yaran da suka gagara. Wannan sharaɗi ya fi ƙarfin ado. Wanda bai taɓa zama gaban mutumin da ke zaginsa ba, bai san yadda zuciyarsa za ta yi ba. Bayan tantance takardu akwai gwajin da ake kawo wa mutum yanayi iri-iri a ga wane mataki zai zaɓa, sannan ranar jarrabawa mai rubutu da ganawa da kuma wasan kwaikwayo, inda wani zai zauna a matsayin mai laifi a ga yadda mai neman zai bi da shi. Ana kuma binciken tarihinsa sosai, tunda za a damƙa masa asirin mutane.

Tsawon horon ya danganta da abin da mutum ya zo da shi. Akwai fannoni huɗu da ake son a sani: tsarin shari'ar laifuka, dalilan aikata laifi, manufofin hukunci, da gyaran masu laifi. Wanda digirinsa ya riga ya ƙunshi yawancinsu, kamar mai digirin nazarin laifuka, wata 15 zai yi. Mai digiri ko babbar difloma a wani fanni dabam, ko da tarihi ne ko kasuwanci, wata 21. A 'yan shekarun nan an buɗe hanyar wata 27 ga wanda ya tsaya a matakin gaba da sakandare bai yi digiri ba. Akwai kuma ƙofar ciki: mutum ya fara a matsayin mataimakin jami'i, wanda ba a neman digiri a kansa, yana riƙe masu ƙananan laifuka da matsakaita, ya samu takardar ƙwarewa a wurin aiki, daga baya ya haura. Da yawa daga cikin gwanayen aikin ta nan suka bi.

Ko wace ƙofa aka shigo, rayuwar ɗalibin iri ɗaya ce. Ma'aikaci ne, yana da tebur a ofishi da mutanen da aka ba shi ya riƙe, ana kuma ware masa lokacin karatu. Darussa yawanci ta intanet ake yin su daga jami'o'in da aka ba kwangila, irin su Portsmouth da Sheffield Hallam da De Montfort ta birnin Leicester. A ƙarshe takarda biyu yake fita da su a haɗe, ɗaya ta jami'a a matakin digiri, ɗaya ta ƙwarewar aiki. Ta biyun ita ce ta fi burge ni. Ana haɗa ɗalibi da wani gogaggen jami'i mai koyarwa da tantancewa, wanda zai zauna a gefe yana kallo lokacin da ɗalibin yake ganawa da mai laifi, ya karanta rahotanninsa, ya tambaye shi me ya sa ya yarda da wannan magana, me ya sa bai bi waccan ba. Kamar yaron makaniki ne a gareji: littafi zai iya gaya masa sunan kowane ƙarfe, amma sai maigida ya tsaya kansa ya ce ya sake saurarar ƙarar injin kafin kunnensa ya buɗe. Ana kuma zagayawa da ɗalibi ya ga kotu, ya ga gidan yari, ya ga gidajen kwanan da hukuma ke ajiye masu haɗari bayan sun fito.

Babban abin da ake koya shi ne auna haɗari, kuma a nan ne sana'ar ta fi zurfi. Tambaya biyu ce da mai koyo yakan cakuɗa. Ta farko, yaya yiwuwar mutumin nan ya sake laifi? Ta biyu, in ya sake, wa zai cutar, kuma cutar ta kai ina? Mai satar kaya a kanti don ya sayi ƙwaya yana iya komawa gobe, amma da wuya ya kashe wani. Wani kuma bai taɓa shiga hannun hukuma ba sai sau ɗaya, mai ladabi, mai zuwa a kan lokaci, amma matarsa tana cikin haɗarin rasa rai. Don tambaya ta farko akwai ma'aunin lissafi da ke ɗaukar shekarun mutum da jinsinsa da tarihin laifukansa ya fitar da kaso. Don ta biyu, lissafi yana taimakawa amma hukuncin na jami'i ne. Tun farkon shekarun 2000 ake amfani da wani tsarin tantancewa mai suna OASys, wanda ke bi da jami'i ta kowane sashe na rayuwar mutum: wurin kwana, aiki da karatu, kuɗi, zaman iyali, abokan tafiya, ƙwaya, giya, lafiyar zuciya, yadda yake tunani, da yadda yake kallon laifin da ya yi. A ƙarshe a sa shi a ɗaya daga matakai huɗu na haɗarin cutarwa, daga ƙarami zuwa mafi tsanani, kuma a faɗi ga wa: yara, ko wani sanannen mutum, ko jama'a, ko ma'aikata.

Cike gurabe a kwamfuta kowa zai iya. Gwanin shi ne wanda ya san cewa abin da mai laifi ya gaya masa labari ne da ke buƙatar shaida. In mutum ya ce zai koma gidan yayarsa, gwani zai tambayi yara nawa ne a gidan. In ya ce ya rabu da matarsa lafiya, gwani zai kira sashen 'yan sanda mai kula da rikicin gida. In ya zo da sabuwar waya mai tsada alhali ba ya aiki, gwani zai lura, ba lalle ya yi magana ranar ba. Kuma ya san cewa haɗari ba ya zama wuri ɗaya: mutumin da yake matsakaici ranar Litinin, in aka kore shi daga aiki ranar Laraba, budurwarsa ta bar shi ranar Alhamis, to ranar Juma'a wani mutum ne dabam. Ga masu laifin fyaɗe da manyan laifukan zubar da jini, tun 2001 doka ta wajabta wa 'yan sanda da jami'an sa ido su zauna teburi ɗaya su tsara yadda za a riƙe su, daga baya aka ƙara da hukumar gidajen yari, ana kuma gayyato ma'aikatan lafiya da na gidaje da na yara. Ɗalibi yana koyon yadda zai yi magana a irin wannan zama ba tare da ya ɓoye shakkarsa ba.

Ɗaya rabin karatun shi ne yadda ake sa mutum ya canza. A 1974 wani masani ɗan Amurka, Robert Martinson, ya wallafa nazarin da aka fassara da cewa babu wani shirin gyaran masu laifi da ke aiki, abin ya kashe wa mutane da yawa gwiwa. Amsar ta fito daga Kanada. Don Andrews da James Bonta da abokan aikinsu suka nuna a wajajen 1990 cewa gyara yana aiki in an kiyaye ƙa'ida uku. A zuba ƙarfi a kan masu haɗari sosai, a sassauta wa masu ƙaramin haɗari, domin cusa ƙaramin mai laifi cikin manya lalata shi yake yi. A tunkari abubuwan da ke jawo laifin da gaske, kamar miyagun abokai da shaye-shaye da tunanin da ke halasta ɓarna. Sannan a koyar da mutum ta hanyar da zai iya ɗauka, tunda wanda bai iya karatu ba, ba a ba shi littafi. Bonta ya taɓa naɗar muryoyin ganawar jami'ai da masu laifi, ya tarar yawancin lokacin yana tafiya a kan tambayar ko an cika sharuɗɗa. Da aka horar da jami'ai su riƙa taɓa tunanin mutum kai tsaye, sai komawa laifi ya ragu a hannun waɗanda aka horar. Wannan bincike ya yi mini daɗi, domin ya nuna ƙwarewar jami'in kanta ana iya auna ta.

A kan wannan aka ɗora wasu dabaru. Akwai salon ganawa da William Miller da Stephen Rollnick suka shimfiɗa don masu shaye-shaye, wanda gindinsa shi ne kada ka yi wa mutum wa'azi, ka yi masa tambayar da za ta sa dalilin canzawa ya fito daga bakinsa. In mutum ya ce giya ba ta dame shi ba, sabon ɗalibi zai fara lissafa masa illolinta, shi kuma ya ƙara kafewa. Gwani zai ce, “To me kake samu a cikinta?” ya saurara da gaske, can ya ce, “Ɗazu ka ambaci 'yarka. Ita me take gani?” Sai ya yi shiru ya jira. Akwai aikin Chris Trotter na Ostareliya, wanda ya nuna cewa jami'in da ke cika alkawari, yake zuwa a kan lokaci, yake yaba ɗan ƙaramin abin kirki in ya gani kuma yake ƙin yi wa mugun zance dariya, mutanensa sun fi shiryuwa. Akwai kuma nazarin yadda mutane suke barin laifi da kansu. Shadd Maruna ya yi hira da tsofaffin masu laifi a Liverpool, ya fitar da littafinsa a 2001, ya tarar waɗanda suka bari sun sake wa kansu labarin rayuwarsu, suna ganin akwai mutumin kirki a cikinsu tun da, wanda yanzu ya samu fitowa. Wasu masana sun nuna tasirin aure mai kyau da aiki tsayayye da ƙaruwar shekaru. Darasin da ɗalibi ke ɗauka a nan mai sa tawali'u ne: ba shi zai gyara mutum ba, nasa ya gane lokacin da mutum ya fara juyowa ya share masa hanya, ya kuma san cewa mai barin laifi yakan zame sau da yawa kafin ya tsaya.

Sai rubutu, wanda ba a cika yabo ba. Jami'i yana rubuta wa alƙali, yana rubuta wa hukumar da ke duba sakin fursunoni, yana tsayawa gabanta lauya yana yi masa tambayoyi. Jimla ɗaya mara tushe tana iya sa a ci gaba da tsare mutum shekaru, ko a saki wanda bai kamata ba.

Abin da ke faruwa idan wannan gwaninta ta yi rauni, Ingila ta gani da idonta. A 2014 Chris Grayling, Sakataren Shari'a, ya raba hukumar gida biyu: masu haɗari sosai suka zauna hannun gwamnati, sauran aka miƙa su ga kamfanoni 21 na 'yan kwangila. Tunanin ya ginu a kan cewa haɗari abu ne da za a iya rabawa a ajiye, alhali kowane ɗalibi an koya masa cewa motsi yake yi. Gogaggun jami'ai da yawa suka bar aiki, a wasu wuraren sa ido ya koma kiran waya. A 2019 babbar sufeto ta hukumar, Glenys Stacey, ta ce tsarin ba ya gyaruwa, kuma a watan Yunin 2021 aka sake haɗe komai a hannun gwamnati. Amma gogewar da ta fita ba ta dawowa da sa hannu a takarda. A watan Satumban 2021, a Killamarsh da ke Derbyshire, wani mutum da ke ƙarƙashin sa ido ya kashe matar da yake zaune da ita, tana da ciki, da yara uku. Rahoton sufetoci na Janairun 2023 ya gano cewa tun a kotu aka auna haɗarinsa ƙasa da yadda yake, aka amince a tsare shi da dokar zaman gida a gidan matar ba tare da cikakken bincike ba, sannan aka damƙa shi ga ma'aikatan da ba su da isasshiyar gogewa. Gwamnati ta ɗauki ɗalibai da yawa, kimanin 1,500 a shekara a wasu shekarun bayan haɗewar, amma ɗalibai suna buƙatar manya da za su koya a wurinsu, kuma manyan ne suka yi ƙaranci. A Satumban 2024, da gidajen yari suka cika maƙil, aka fara sakin fursunoni da wuri, kimanin 1,700 a ranar farko kaɗai, duk kuma kan waɗannan jami'ai suka sauka.

Ba ko'ina aka bi hanyar Ingila ba. Maƙwabciyarta Sukotland tun dokar 1968 ta bar aikin a hannun ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, kuma har yau digirin wannan fanni ake nema, haka ma Ireland ta Arewa. A Amurka jami'in tarayya yana buƙatar digiri, sannan ya yi horon makonni a makarantar hukumarsa da ke Charleston, a wasu wuraren ma jami'ai suna ɗaukar bindiga. Japan kuwa ta jingina da 'yan sa kai fiye da 40,000, yawancinsu dattawan unguwa, waɗanda ke karɓar mai laifi har cikin gidajensu su yi hira, ƙwararrun jami'ai kaɗan suna kula da su daga sama. A Afirka, Kenya tana da hukumar sa ido tun shekarun 1940.

A Najeriya maganar ta taso da ƙarfi da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ta tanadi sa ido da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka da aikin al'umma, sannan dokar 2019 da ta canza sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta kuma kafa mata sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. Kada dai a ɗora wa wannan sashe abin da ba zai iya ba: kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar jiran shari'a suke yi, su kuwa maganinsu yana kotu da ofishin 'yan sanda. Amma ga saurayin da aka samu da satar waya ko shan ƙwaya a karon farko, jami'in da ya san aikinsa zai iya hana shi shiga inda zai fito da sabbin malamai. Matashin da ke sha'awar wannan hanya zai amfana da karatun nazarin laifuka, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da wasu jami'o'i ke koyarwa, ko ilimin zamantakewa, ko aikin jin daɗin jama'a. Ma'aunin lissafi irin na Ingila ba zai ɗauku kai tsaye ba, domin ya dogara ne da kundin ƙasa da ke riƙe da tarihin laifin kowa. A ƙasar Hausa kuwa akwai abin da jami'in Landan zai yi kwaɗayi: mai unguwa da limami da kawu da maigidan sana'a, waɗanda suka san inda yaro ya kwana jiya da wanda ya raka shi. Tsarin Japan ya fi kusa da wannan. Sai dai jami'in zai buƙaci horo na musamman a kan yadda zai ji ta bakin dattawa ba tare da muryar matar gida ko ƙaramar yarinya ta ɓace ba, tunda sau da yawa su ne ke cikin haɗarin, kuma ba su ake kira zaure ba.